Dala da Tsumburbura a Bakin Jagora

Tun da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta kai Nguru a shekarar 1930, mutanen Gagarawa Tasha ba su ɗauki zuwa Kano a bakin doguwar tafiya ba. Amma a da ciniki ne ke kai mutum can, ko asibiti, ko gaisuwar mutuwa. Yanzu kuwa an sami wata irin tafiya dabam. Sai ka ga 'yan aji guda, ko 'yan wata ƙungiya, sun haɗa kuɗi sun ɗauki shatar mota tun da asuba, sun bi ta Gujungu da Ringim, ba saye ba sayarwa, sai don su hau Dutsen Dala, su ga ganuwa da Gidan Makama da Babban Masallaci, su komo gida kafin lisha. Gani da ji su ka kai su. Ganin na idonsu ne, ba mai ƙwace musu shi. Jin kuwa yana hannun mutum guda, watau jagoran da ya tarye su a gindin dutse, ya shige gaba, yana nuni da hannu yana ba da labari.

Wannan labari na bakin jagora shi na ke so mu auna. Ko da ya ke ba a buga shi a takarda ba, ya riga ya zama kamar littafi, don kuwa yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma jagora goma in ka saurare su za ka ji kusan abu ɗaya su ke faɗi, bi da bi. Waɗanda su ka ji shi da kunne sun fi waɗanda su ka karanta tarihin Kano yawa nesa ba kusa ba. Mutum zai komo Maigatari ko Sule Tankarkar ya zauna a dandali ya maimaita wa waɗanda ba su je ba, yara su ɗauka, ya zauna musu a ka har tsufa. Abin da zai yi wannan nisa ya cancanci a dube shi da idon basira, kamar yadda a kan dubi hatsi kafin a zuba a rumbu.

Mu fara da yabo, don akwai abin yabo. Da ɗan gari a kan ci gari, kuma jagororin Dala sun san garinsu. Dabararsu ta fara hawan dutsen da hantsi, tun rana ba ta yi zafi ba, dabara ce mai kyau, domin wanda ya tsaya a kan Dala ya ga birni shimfiɗe ƙarƙashinsa, ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin masallaci, ga inda ganuwa ta bi, duk abin da za a nuna masa daga baya ya riga ya san inda zai ajiye shi a ransa. Baƙi na da ma haka su ka yi. Bature Kilafaton ya hau a 1824, shi kuma Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau a 1851 ya zana hoton birnin daga can. Har wa yau jagora gwani ne wajen murya. Ya san inda zai sassauta, ya san inda zai ɗaga, ya san lokacin da zai yi shiru jama'a su matso. Malamin aji da yawa zai ƙaru in ya tsaya ya ga yadda a ke riƙe hankalin mutum talatin waɗanda su ka gaji da hawa.

To, amma daga ina labarin ya fito? Kusan dukansa daga littafi ɗaya ne, wanda a ke kira Tarihin Kano. An rubuta shi da Larabci, bai kuwa ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi. Ya jera sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893, saboda haka masana su ka fahimci cewa a zamanin Bello ne aka tattara shi yadda mu ke da shi yanzu, daga bakin tsofaffi da maroƙan fada da waɗansu takardu na da. Wani masani, Murray Last, yana ganin Ɗan Rimi Barka ne, wani babban bawan sarki, ya ke da hannu a cikin aikin. Bature H. R. Palmer ya juya shi zuwa Ingilishi ya buga a 1908, sa'an nan Dokta R. M. East da mutanensa na Zariya su ka fitar da shi da Hausa a 1933, a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Babban littafi ne, kuma ƙasashen Afirka kaɗan ne su ke da irinsa. Sai dai jagora ba ya ambatonsa. Ya kan ce tarihi ya nuna, ko kuwa an ce, sai ka ce labarin daga sama ya faɗo. Wanda ya sha wahalar koyon karatu da girmansa ya kamata a gaya masa sunan littafin, don ya san akwai inda zai je ya duba da kansa.

Ga misali, kowane jagora zai gaya maka Bagauda ya zo Kano a shekarar 999. Lambar tana da daɗin faɗi, tara uku a jere, ba a mantawa da ita. Amma wanda ya rubuta littafin bai sa wannan shekara ba. Abin da ya yi shi ne, ya faɗi yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado, wane shekara kaza, wane wata kaza. Palmer ne ya ɗauki waɗannan ya yi ta ɗebewa da baya da baya, tun daga zamanin Bello, har lissafi ya tsaya masa a 389 ta Hijira, watau 999. Ka ga ke nan in an yi wa sarki guda ƙarin shekara goma, ko an tsallake wani sarki da aka manta, duk lissafin ya goce. Akwai kuma Waƙar Bagauda, wadda ita ma ta jera sarakunan Kano, ba ta kuwa dace da littafin ba wajen sunaye da shekaru. Ba laifi ba ne a faɗi 999, mu ma da waɗannan shekaru na Palmer za mu yi aiki a nan, tun da ba mu da waɗanda su ka fi su. Laifin shi ne a faɗe ta kamar ranar haihuwar da likita ya rubuta.

Haka batun tsawon dutsen. Za ka ji an ce Dala ƙafa 1,753 ne, ko mita 534. Mai hankali da ya gama hawa cikin 'yan mintoci zai yi mamaki. Wannan awo daga bakin teku aka fara shi, kuma birnin Kano kansa ya riga ya cinye mafi yawansa. Barth, da ya kimanta daga gindi zuwa ƙoli, ƙafa 120 ya ce.

Inda jagora ya fi sakin baki shi ne wajen Barbushe, kuma nan ne ya kamata mu daɗe. Littafin ya ce Dala sunan mutum ne, baƙo wanda ba a san asalinsa ba, ya zo ya gina gida a kan dutsen, Barbushe kuwa daga zuriyarsa ya fito. Ya kwatanta shi da ƙato, maharbi, wanda ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Jagora ya kan faɗi wannan da fuska a murtuke, jama'a su riƙe baki. Ni ban ga aibin labarin giwa ba. Kirari ne, kuma duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana wasa sarki ko ɗan dambe ya san yadda kirari ya ke. Abin da giwar ke gaya mana shi ne, mutanen wannan wuri maharba ne, ƙasar kuwa daji ce mai manyan namu, kuma shugabansu sai wanda ya fi kowa ƙarfi da sanin asiri. Wannan ya isa abin mamaki ga wanda ke tsaye yana kallon gidaje har iyakar ganinsa. Jagora nagari sai ya ba da giwar, jama'a su ji daɗi, sa'an nan ya buɗe musu abin da ke cikinta.

Babban kuskuren da na ke gani shi ne na wurin tsafin. Sau da yawa a kan nuna wa baƙi wani gefe a ƙolin dutsen a ce nan gunkin Tsumburbura ya ke, nan a ke yanka. Littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa bai faɗi haka ba. Abin da ya nuna shi ne, gidan Barbushe ne a kan Dala, Tsumburbura kuwa tana wajen wata itaciya da a ke kira Shamus, wadda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. In lokacin biki ya zo, mutane su kan taru a gindin dutse da maraice, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. In duhu ya yi sai Barbushe ya sauko da makaɗansa, a ɗunguma zuwa wurin itaciyar, a yi yanka, ya shiga shi kaɗai, ya fito ya gaya musu abin da zai auku a shekara. Ashe dutsen mazaunin mai tsafi ne, tsafin yana ƙasa. Me ya sa jagora ya hau da shi sama? Don a sama jama'a su ke tsaye, kuma labari ya fi armashi in an ce a nan ƙarƙashin ƙafarka abin ya faru. Ya sayi armashi da gaskiya, kuma ya yi asarar abin da ya fi kyau a labarin, watau saukowar nan ta dare, da kiɗa, da taron da ke jira a ƙasa.

Akwai wani abu kuma a wannan wuri wanda mai karatu zai so ya lura da shi. Littafin ya ce Barbushe ba ya saukowa sai a ranakun Idi biyu, taron kuwa ran jajibere a ke yinsa. To, ina Barbushe ina Idi, mutumin da aka ce ya yi zamani tun Musulunci bai iso ƙasar ba? Nan hannun marubucin ya fito fili. Musulmi ne na ƙarni na 19, yana kwatanta bikin mutanen da da kalandar da shi ya sani. Ba ƙarya ya shirya ba, fassara ya yi. Amma wanda ya gane wannan ya sami mabuɗin littafin duka: ko ina muryar mutum ce, mai addininsa, mai ubangidansa, mai abin da ya ke so a fahimta. Dubi kuma duban da aka ce Barbushe ya yi, cewa wani zai zo da runduna ya mallake su, ya ɗaukaka nasa ya manta da su. Wa wannan duba ya yi wa amfani? Sarakunan da su ka zo su ka mallaka. In mai ƙasa da bakinsa ya ce za ka zo, ai zuwanka ya zama ƙaddara, ba ƙwace ba. A fadar waɗanda su ka gaji wannan mulki aka adana labarin, can kuma aka rubuta shi.

Waɗansu jagorori har su kan haɗa Bagauda da Barbushe gaba da gaba, a yi yaƙi, Bagauda ya ci, ya rushe gunki, shi ke nan a sauka a tafi Gidan Makama. Wannan tatsuniya ce sabuwa. A littafin ba su taɓa gamuwa ba. Shugaban da Bagauda ya tarar ya kashe, Jankare sunansa, kuma Bagauda bai ma zauna a Dala ba, a Sheme ya kafa garinsa. Tsafin kuwa ya ci gaba da zamansa shekaru wajen 300 bayan haka. Sarki Shekarau, wanda aka sa zamaninsa daga 1290 zuwa 1307, sulhu ya yi da masu tsafin, su ka kawo masa gaisuwa ya bar musu al'adunsu. Sai a zamanin ɗansa Tsamiya ne aka fasa katangar. Bayan wannan ma Sarki Kananeji, ɗan Yaji, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, wurin masu tsafi ya koma neman taimako. Wannan doguwar ja-in-ja, yau sulhu gobe faɗa, ita ce ainihin labarin, kuma ta fi kama da yadda mu ka san duniya ke tafiya. Jagora ya matse shekara 300 ya mai da su yini guda.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ba a faɗi ko kaɗan. Dutsen da jama'a ke takawa ba irin duwatsun Dutse ko na Birnin Kudu ba ne. Jar marmara ce mai tama a ciki. Masu tonon kayan da sun sami wurin narka tama a kusa da Dala, aka auna gawayinsa da awon zamani, ya nuna wajen ƙarni na 7 ne, watau fiye da shekara 300 kafin lokacin da aka ba Bagauda. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da mu ke da ita game da mutanen Dala, don gawayi ba ya yi wa sarki kirari. Labarin baka ma ya goyi bayanta, domin Abagayawa, maƙeran Kano, su na cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya ya zo neman tama. Littafin kansa, da ya ke jera manyan mutanen Barbushe, ya ambaci Gijigiji maƙeri, da Hamburki mai magani, da Maguji mai haƙo tama ya narka, wanda aka ce daga sunansa Maguzawa su ka samo nasu. Ka ga gari ne mai sana'a, kowa da aikinsa. Manomin da ya zo daga Gagarawa, wanda fartanya da garma ne abincinsa, in aka ce masa ƙarfe ne ya tara mutane a nan har wurin ya zama Kano, zai fi ganewa da wannan bisa ga giwa. Amma tama ba ta sa a riƙe baki, sai aka bar ta.

Da wannan rashi wani abu ke biyowa, wanda ba na tarihi kaɗai ba ne. In an cire sana'a daga labarin mutanen Dala aka bar musu baƙin kare da rawar dare, sun zama abin dariya, kuma lalle a kan yi dariyar. Alhali kuwa Maguzawa ba su ƙare ba. Su na nan a ƙauyukan ƙasar Kano da Katsina da Jigawa, mu na haɗuwa da su a kasuwa, Hausa ɗaya mu ke yi. Musulmi ba ya bukatar ya yarda da Tsumburbura kafin ya san cewa waɗanda su ka bauta mata mutane ne masu hankali, kuma kakannin da yawa daga cikinmu ne.

Wajen ganuwa jagora ya fi tsayawa a kan turba. Ya kan faɗi daidai cewa Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya fara ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Muhammadu Rumfa da waɗanda su ka biyo baya su ka faɗaɗa, kuma Turawa sun shigo birnin ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu ba ya gari. Sai dai in ya kira Dala kagara, ko mafakar yaƙi, ya ɗan zarce. Ganuwa ce garkuwar Kano. Dutsen da littafin ya nuna a matsayin gari mai gagara shi ne Santolo, kudu da birni wajen Dawakin Kudu, wanda ya yi wa sarakunan Kano taurin kai zamani bayan zamani, har Sarki Yaji ya roƙi malamai su yi masa addu'a kafin ya ci shi. Ba a kai baƙi Santolo, ba a ma ambatonsa, don wanda aka ci da yaƙi ba shi da jagora.

A Gidan Makama ba ni da ƙorafi mai yawa. Can kaya ne a gaban mutum, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da sulke, da hotuna, kuma abin da ido ke gani ya kan tsare baki daga yin nisa.

Sai masallaci. Nan jagora ya kan tsaya a fili ya nuna ginin ya ce Rumfa ne ya gina shi fiye da shekara 500 da su ka wuce. Ko yaro ya dubi ginin ya san ba haka ba ne. Wanda ke tsaye yanzu an gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, a madadin na ƙasa da ya gabace shi. Abin da ya kai shekara 500 shi ne Jumma'ar, ba bangon ba. Labarin kafuwarta kuwa ya fi abin da a ke faɗi daɗi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa su ka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, su ka kawo salla, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar tsafi, masu tsafi su na zuwa da dare su na ɓata shi. Sa'an nan a zamanin Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo daga Arewacin Afirka, aka sare itaciyar aka gina hasumiya a gurbinta. Amma akwai wani ɗan littafi na Wangarawan kansu, wanda aka rubuta wajen 1650, shi kuwa ya ce a zamanin Rumfa ne shehunsu ya iso Kano, ba a zamanin Yaji ba. Tsakanin maganar biyu akwai shekara wajen 100. Ga littafi ga littafi, duka da Larabci, duka tsofaffi, sun saɓa. Ina ganin ba abin da zai fi wannan amfani ga wanda ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci. Mu da mu ka iske karatu da girma mu kan ji tsoron takarda, mu ɗauka duk abin da ya shiga tawada ya zama yankan wuƙa. Jagoran da ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce littafi kaza ya ce kaza, littafi kaza kuma ya musa, ya koya wa jama'arsa abin da ba a koyarwa a cikin a, ba, ca.

Da zai ƙara da labarin Dirki ma da ya kyauta. Wannan wani abu ne da sarakunan Kano su ka riƙa yi wa yankan shanu tun daga zamanin Muhammadu Zaki, a naɗe cikin fatu, har Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka sassare shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Duk wanda ke son ya fahimci abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke nufi da garwaya addini da al'ada, ga shi nan a dunƙule.

Mu mutanen ƙasar Gumel mu na da wani dalili na daban da zai sa mu saurara da kunne biyu. Littafin nan na fadar Kano ne, daga kan Dala ya ke kallon duniya, kuma kowa ya shigo cikinsa ya shigo ne ko a matsayin mai kawo gaisuwa ko a matsayin abokin gaba. Gumel kuwa ba ta Kano ba ce a wancan zamani. Sarautarta ta Mangawa ce, Barno ta ke bi, kuma tutar jihadi ba ta ci ta ba. Barth ɗin nan da ya hau Dala, da ya bar Kano a watan Maris na 1851 ta Gumel ya bi, ya same ta babbar kasuwar kanwa, ya kuma lissafa ta a farkon ƙasar Barno. Saboda haka in jagora ya miƙa hannu gabas ya ce duk nan ƙasar Kano ce har iyakar gani, Bagumale yana da damar ya yi murmushi. Ba a Kano kaɗai a ke haka ba. A tsibirin Siri Lanka, wanda a da a ke kira Silon, akwai wani dutse mai suna Sigiriya, tsawonsa wajen mita 180, inda Sarki Kasyapa ya gina fada a ƙoli tsakanin 477 da 495. Dubban baƙi ke hawansa, a haɗa musu da kogunan ibada na Dambulla a yini guda, kuma labarin da a ke ba su, na sarkin da ya kashe ubansa ya gudu kan dutse don tsoron ɗan'uwansa, daga littafin malaman addinin Buda ya fito, waɗanda ba masoyansa ba ne. Ko ina aka sami dutse da littafi guda, sai jagora ya zama bakin littafin.

Ban ce laifin duka na jagora ba ne. Yini guda ne, mota na jira, direba na duban rana, rabin jama'a kuwa hankalinsu na kan tsarabar da za su saya. Mutum ba ya iya zuba shekara dubu a cikin sa'a huɗu sai ya zubar da waɗansu. Kuma abin da a ke ba shi bai taka kara ya karya ba, ba wanda ya ɗauke shi ya koya masa, abin da ya ji daga na gaba da shi ya ke juyawa. Shi kansa dutsen ba a kula da shi yadda ya kamata ba: ruwa na zaizayar gefensa, gidaje sun matso har gindinsa, shara na taruwa, ganuwar da aka sa cikin kayan tarihin ƙasa kuwa an cinye ta a wurare da yawa. Wanda ke aiki a irin wannan wuri yana da uzuri. Amma gyaran da na ke nema ba ya cin kuɗi, ba ya kuma cin lokaci. A faɗi sunan littafin. A ce wajen 999. A bar Barbushe a sama a sauko da Tsumburbura ƙasa. A ɗauki ɗan guntun marmara a nuna wa jama'a, a ce ga abin da ya kawo maƙera.

Sauran abu guda, shi kuwa yana kan hanyar da a ke bi ne ma. Daga Dala a kan gangara da baƙi Kasuwar Kurmi, a sake su su sayi takalma da turare, a ce musu Rumfa ne ya kafa ta, wannan kuwa gaskiya ne. Ba a gaya musu dalilin sunan ba. Littafin ya ba da labarin wani kurmi mai duhu a bakin ruwan Jakara, wanda mutanen Barbushe ke tsoro, kuma sun ce in masifa za ta zo ƙasar a kan ji ƙara daga cikinsa, hayaƙi ya tashi, sai an yi yanka ya lafa. A gefen wannan kurmi kasuwar ta zauna, sunansa ta ɗauka. Jakara tana nan har yanzu, ta zama magudanar ruwan birni, kuma baƙon da ya sha hawa yana neman wurin tsafi a ƙolin Dala ya kan tsallake ta da ledar tsaraba a hannu, yana toshe hanci, yana sauri kada mota ta bar shi.